Injin yankan ciyawa na hawa: mai sitiyari ko mai sanduna, wanne zai jure filin Kano?

Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba ciyawa ba ta jiran kowa a Kano. Ka sa a share ranar Asabar, kafin wata Asabar ta zagayo ta sake rufe idon sawu. Mai makarantar kwana a hanyar Gwarzo, da mai gidan gona a wajen Gezawa ko Kura, da mai wurin biki a Nasarawa, da wanda ya gaji tsohon gida mai ƙatuwar haraba a Bompai, duk lissafi ɗaya suke yi: sau nawa za a biya masu adda da lauje kafin ruwa ya ɗauke, ga fargabar maciji, ga sauro. Daga nan ake fara tunanin injin da mutum zai hau ya tuƙa. Da ka fara tambaya kuma za a nuna maka iri biyu. Akwai mai sitiyari, wanda ya yi kama da ƙaramar tarakta, injinsa a gaba. Akwai kuma wanda a takardun talla ake rubuta wa zero-turn, injinsa a bayan direba, ana sarrafa shi da sanduna biyu, kuma yana iya juyawa a inda yake tsaye. Zan riƙa kiran su mai sitiyari da mai sanduna.

Kafin a kai ga wannan zaɓi, ka fara zagaya filin naka da ƙafa, ka gaya wa kanka gaskiya. Waɗannan injuna an ƙera su ne don ciyawar da ake kula da ita, irin ƙiri-ƙirin da aka dasa aka baje ƙasarta. Idan abin da ke filinka gamba ce da kyasuwa da tafasa masu kai wa ƙugu, ga suri nan da can, ga buraguzan bulo da magina suka bari, to babu ɗaya daga cikin biyun da zai yi maka. Wannan aikin taraktar noma ce mai jan silasha, wato babbar wuƙar sare ciyawa, a baya, ko injin rataye wanda ake saɓawa a kafaɗa, ko kuma ka bar wa masu yankan ciyawar dabbobi, waɗanda sau da yawa za su kwashe ta suna godiya. Sai an share, an tsince duwatsu da wayoyi, an cike ramuka, sannan maganar injin hawa take tasowa. Wuƙar injin tana juyawa da gudun da dutse ɗaya ya isa ya lanƙwasa ta, ko ya fasa gidan boris ɗin da ke riƙe da ita, ko ya cilla dutsen ya tarwatsa gilashin mota.

Haka kuma idan filin bai kai rabin hekta ba, wato kimanin fuloti 10 na ƙafa 50 da 100, injin turawa mai kyau ya wadatar, ka adana kuɗinka.

To a ce filin ya cancanta. Abin da ake yi wa mai sanduna kirari da shi shi ne sauri, kuma ba ƙarya ba ne. Kowace tayar baya tana da giyarta daban, mai aiki da matsin mai. Ka tura sandunan biyu gaba, ya tafi. Ka tura ta dama ka ja ta hagu, ya juya a wurin kamar an kafa shi da ƙusa. Tayoyin gaba ƙanana ne masu lilo, irin na ƙasan kujerar ofis, ba sa tuƙa komai, bin umarnin na baya kawai suke yi. Saboda haka idan ka kai ƙarshen layi ba sai ka yi kwana mai faɗi ba, kuma kana iya zagaye gindin darbejiya ko mangwaro ba ka bar ko tsinke ba. Kamfanin Hustler na jihar Kansas a Amurka ne ya fara fito da irinsa kasuwa a 1964, yanzu kuwa kusan kowane babban kamfani yana yi: John Deere, Husqvarna, Toro, Cub Cadet, Ariens, Scag, Kubota.

Bari mu sa lissafi a kai. Mai sitiyari na gida yana tafiyar kimanin kilomita 8 a awa. Idan farantin yankansa, kwanon da wuƙaƙen ke ciki, faɗinsa inci 48 ne, wato mita 1.2, a takarda zai ci kusan hekta ɗaya a awa, amma idan ka cire lokacin kwana da komawa baya da maimaita gefen layi, abin da zai rage bai wuce girman filin ƙwallo ɗaya ba, kimanin kashi 7 cikin 10 na hekta. Mai sanduna na gida yana kai kilomita 11 ko fiye, na 'yan kwangila, wato masu yankan ciyawa a matsayin sana'a, yana wuce 15, kuma ba ya ɓata lokaci a kwana. Da faranti mai inci 54 zai iya haura hekta ɗaya a awa. A filin da ya kai hekta uku, ana yanka duk mako, wannan bambanci ne na gaske, a lokacin ma'aikaci da kuma a fetur, tunda irin waɗannan injuna masu silinda biyu suna shan wajen lita 4 zuwa 6 a awa, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 babu mai raina lita ɗaya.

Sai dai wannan gudun a shimfiɗaɗɗen fili ake samun sa. Mai sanduna na gida galibi ba shi da abin tare gargada in ban da kujera da iskar taya. A filin da ruwa ya zaizaye ko shanu suka tattaka da damina, direba da kansa zai rage gudu don bayansa, sai ka ga an dawo kilomita 7 ko 8 ɗin da mai sitiyari yake yi. Ka biya kuɗin gudu, filin ya hana ka cin moriyarsa.

Akwai kuma maganar wanda zai tuƙa. A yawancin gidaje da makarantu ba mai kuɗin ne zai hau ba, mai kula da shuke-shuke ne ko maigadi ko direban gida. Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari zai gane mai sitiyari cikin 'yan mintuna: totur a ƙafa, birki a ƙafa. Mai sanduna yana son koyo. Sabon hannu yakan juya da taya ɗaya a tsaye, tayar ta murje ciyawar ta bar tabon ƙasa a kowane ƙarshen layi, ko ya ja sanda da ƙarfi bayan injin ya daki katanga ko famfon ban-ruwa. Ba abu ne mai wuya ba, kwana kaɗan ya isa, amma idan ma'aikatanka masu yawan canzawa ne, kowane sabo a kan injinka zai yi makarantarsa. Akwai wasu samfuran Cub Cadet masu juyi a wuri ɗaya amma da sitiyari, sai dai wannan ƙarin sarƙaƙiya ce a wurin gyara, ni ba zan nemo ta ba.

Gangara ba ta cika damun mu a cikin birni ba, Kano shimfiɗe take. Amma wanda filinsa ke bakin rafi ko gefen dam, wajen Tiga ko Bagauda, ko yake da kududdufi ko babbar kwata a cikin haraba, ya lura da wannan. Yawancin kamfanonin suna gargaɗin kada a hau gangarar da ta wuce digiri 15 da kowanne daga cikin biyun, amma mai sanduna ya fi haɗari tun kafin a kai nan. Tuƙinsa da tsayawarsa duk a tayoyin baya suke, babu birkin ƙafa. Idan ciyawa ta jiƙe tayoyin suka zame, ka rasa tuƙi ka rasa birki lokaci ɗaya. A taɓo ma ya fi saurin kafewa. Mai sitiyari ya fi natsuwa a irin wannan wuri, kuma yana da wani amfani da masu gidan gona ke jin daɗinsa: ana ɗaura masa ƙaramar tirela a ɗebi taki, buhunan abincin kaji, jarkokin ruwa. Da rani, lokacin da babu ciyawar yanka, yana ci gaba da biyan kuɗinsa. Mai sanduna yanka kawai ya sani, jan kaya mai nauyi yana gajiyar da giyoyinsa.

Yanzu ga inda na fi son mai saye ya tsaya ya daɗe, domin a nan ake gane injin da zai shekara takwas da wanda zai zama matattarar kaji bayan damina biyu. Sunan da aka rubuta a jikin murfin ba shi ne injin ba. Yawancin waɗannan kamfanoni haɗa kaya suke yi: injin ya fito daga Kawasaki ko Kohler ko Briggs & Stratton, giya daga Hydro-Gear ko Tuff Torq. Kamfani ɗaya yana da na araha da na tsada, fenti iri ɗaya. John Deere, alal misali, yana da jerin S100 na ƙananan gidaje, da X300 da X500 masu ƙarfi a ɓangaren masu sitiyari, sannan Z300 zuwa Z900 a masu sanduna, na ƙarshen na 'yan kwangila ne. Duk kore ne da rawaya. Don haka wanda ya ce maka "ai John Deere ne" bai gaya maka komai ba tukuna.

Ka fara da giya. Injin fetur, ko ya lalace, makanikin janareto na Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa zai buɗe shi ya gane kansa: kafireto ne, fulogi ne, kwayil ne, duk abin da ya saba gani. Giyar matsin mai kuwa ba kowa ne ya taɓa buɗe ta ba, kuma kayan cikinta sai an yi oda. Masu sitiyari na araha galibi suna zuwa da Tuff Torq K46, masu sanduna na araha kuma da Hydro-Gear EZT, wadda ake kira ZT-2200. Dukansu a rufe suke zuwa, ba a tanadi hanyar canza musu mai cikin sauƙi ba. An yi su ne don mai gida a Amurka da zai yi yankan awa ɗaya a mako a yanayi mai sanyi. Zafi ne babban abokin gabar man da ke cikinsu, mu kuwa a nan ko da damina rana ba ta wasa. Alamar mutuwarsu ɗaya ce: da safe injin yana tafiya lafiya, bayan rabin awa ya fara ja da ƙyar, ƙaramin tudu ya gagare shi. Idan za ka sayi mai sanduna, ka nemi wanda ke da ZT-2800 ko ZT-3100 ko sama da haka, masu matatar mai a waje da ake kwancewa a canza. Idan mai sitiyari ne, ka nemi mai K66 ko makamanciyarta. Ka durƙusa ka leƙa ƙasa, akwai 'yar takarda a manne a jikin giyar mai ɗauke da lambarta. Kuma ka tuna mai sanduna giya biyu gare shi. Idan ɗaya ta raunana, injin zai riƙa karkata gefe guda, kuma sau da yawa ta biyun ma tana kan hanya. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake ganin mai sanduna na araha shi ne mafi munin ciniki a cikin duk zaɓin da ke gabanka.

Sai faranti, wato kwanon ƙarfen da wuƙaƙen ke juyawa a cikinsa. Iri biyu ne. Akwai wanda aka buga daga falle ɗaya na ƙarfe, gefensa a lanƙwashe sumul, ba shi da nauyi kuma yana tsotso ciyawa da kyau. Akwai wanda aka yanka ƙarfe mai kauri aka haɗa da walda, za ka ga layin waldar a kusurwoyinsa. Ana auna kaurin da lamba, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kauri: 10 ta fi 13, 7 ta fi 10. A filin Kano na walda nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Yashi yana cin ƙarfe daga ciki kamar ana goga shi da sanfefa, saiwar darbejiya tana fitowa sama ta daki gefen faranti, kuma in ya tsage, mai walda na bakin titi zai ɗinke mai kauri ya zauna, siririn kuwa ƙonewa yake yi a hannunsa. Ka duba ko gidajen boris ɗin wuƙaƙen suna da kan da ake ɗura girisi. Game da faɗi, inci 42 zuwa 48 ya ishi hekta ɗaya zuwa ɗaya da rabi, 54 zuwa 60 na abin da ya fi haka ne. Amma kada ka ɗauki faɗin da ya fi ƙofar lambunka ko tsakanin bishiyoyinka, kuma faranti mai faɗi a ƙasa marar daidaito yana aske tudu har ƙasa ya bar kwari da gashinsa.

Na uku shi ne matatar iska, abin da masu saye ba sa kallo sam. Injin da ya shaƙi ƙura ya gama yawo: zoben fistin ya cinye, ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi. Mu kuwa ko a tsakiyar damina, kwana uku babu ruwa ya isa yanka ya tayar da ƙura, balle wanda ke ban-ruwa yana yanka har cikin hunturu. A mai sanduna injin yana baya, daidai inda ƙurar yankan ke tashi. Ƙananan injuna suna zuwa da 'yar matata mai faɗin tafin hannu. Manyan, irin jerin FX na Kawasaki, suna da matata mai kamar gwangwani, mai hawa biyu. Jerin FR na gida ne, FS na tsakiya. Idan kuɗinka bai kai na gwangwani ba, babu laifi, amma ka sayi matatu da yawa ka ajiye, a riƙa dubawa kafin kowane aiki. Ka fifita injin silinda biyu mai matatar baƙin mai a kan mai silinda ɗaya, kuma kada yawan dawakin da aka rubuta, wato ma'aunin ƙarfin injin, ya ruɗe ka. Doki 22 a kan giya mai kyau ya fi doki 26 a kan rufaffiyar giya.

Taya kuma sai ka shirya mata. Tsidau da ƙayar bagaruwa da ta aduwa ba sa barin tayar injin ciyawa, domin fatarta ba ta da kauri. Ƙananan tayoyin gaban mai sanduna su suka fi shan wahala. Ana samun irinsu na roba zalla marasa iska, in ka samu ka canza tun farko. Sauran kuma a zuba musu ruwan toshe huda ko a sa tib, mai faci ya zama na gida. Taya ɗaya da ta rage iska ta isa ta karkatar da faranti, yankan ya fito gefe tudu gefe kwari, ka yi ta zargin wuƙa. Leda ma tana da nata ɓarnar: tana naɗewa a wuyan wuƙa, ta narke, ta cinye robar da ke tare ƙura daga boris. A sa yaro ya zagaya ya tsince kafin a kunna injin.

Masu aiki da batir, irin na EGO da Ryobi da Greenworks, sun fara yawa a ƙasashen waje, kuma suna da daɗi: babu fetur, babu baƙin mai, babu bel, ga shiru. Wanda ke da sola mai ƙarfi zai iya sha'awa. Amma batirin lithiyam ba ya son zafin da ya haura digiri 40 irin na watan Afrilu, kuma idan allon lantarkin cikinsa ya ƙone, babu mai gyaran da zai taimake ka sai an kawo sabo. A yanzu ba zan ba mai babban fili shawarar ya dogara da shi kaɗai ba.

To wanne? Idan filinka hekta ɗaya ne zuwa biyu, ƙasar ba ta gama daidaita ba, mutane daban-daban za su hau, kana kuma da kayan ja, ka ɗauki mai sitiyari mai ƙarfin giya da farantin walda. A ganina nan ne akasarin masu tambaya a Kano suka faɗa, ko da idonsu na kan ɗayan. Idan kuwa filin ya haura hekta biyu, a baje yake, ciyawar dasawa ce ana ba ta ruwa, ga bishiyoyi da fulawoyi da za a riƙa zagayawa, kuma kana da mutum ɗaya tsayayye da zai riƙe injin, mai sanduna zai biya ka, da sharaɗin ka hau zuwa matsakaici ko na 'yan kwangila. Kuɗinsa yana iya ninka na mai sitiyari sau biyu ko uku. In aljihu bai kai nan ba, gara mai sitiyari na kirki da mai sanduna na ƙasan layi.

Yawancin abin da za ka samu a kasuwa na hannu ne da aka shigo da shi ta Legas, kuma garantin Amurka ko Turai ba ya biyo kwantena. Saboda haka gwajin da za ka yi a gaban mai sayarwa shi ne garantinka. Ka je da makanikinka. Ka ce kada a tayar da injin kafin ku iso, domin tashin farko da sanyi shi ke tona asiri. Ka duba agogon awa: na gida da ya haura awa 500 ya ci rabin rayuwarsa ko fiye, na 'yan kwangila yana iya ninka haka sau uku yana aiki. Agogon ma ana canza shi, don haka ka haɗa da kallon kujera da fedal da tayoyi. Kada ka yarda da zagaye ɗaya a harabar shago. A bar shi ya yi aikin minti 20 zuwa 30 har giya ta ɗau zafi, sannan a hau ɗan tudu da shi. A mai sanduna ka tura sandunan daidai ka ga ko yana tafiya a miƙe. A kashe, a cire wayar fulogi, ka kama kowace wuƙa ka girgiza, in tana motsi sama da ƙasa boris ya tafi. Ka cire matatar iska ka shafa yatsa a cikin bututun da ke bayanta, in ka ji yashi, ka yi sallama.

Tun a ranar ciniki ka rubuta lambar samfurin injin da ta faranti, ka yi odar bel biyu na faranti, bel ɗaya na giya, wuƙaƙe saiti biyu, gidan boris ɗaya ko biyu, da matatun iska da na mai. Bel ɗin faranti yana da tsawo da siffar da ba lalle na mota ya maye gurbinsa ba, kuma in ya tsinke a watan Agusta, makonni ukun da za ka jira saƙo sun isa filin ya koma daji. Baƙin mai a canza shi duk awa 50, ba sai an jira 100 ɗin da wasu littattafan suka ce ba, su ma sun rubuta a rage idan akwai ƙura.

Wanda ba ya ban-ruwa kuma, injinsa zai zauna daga Oktoba har Yuni. Fetur ɗin da aka bari a ciki zai daskare ya toshe kafireto, batir zai mutu, ɓeraye su yi sheƙa a ƙarƙashin murfin injin su ci wayoyi, zanzaro ya gina ɗakinsa a bakin salansa. Idan an yi yankan ƙarshe, a kankare busasshiyar ciyawar da ta manne a cikin faranti, a juye tankin a bar injin ya ƙone ragowar man har ya mutu da kansa, a cire batir a kai ɗaki a riƙa yi masa caji duk wata, a rufe injin a inuwa. Idan damina ta kama a buɗe murfin a duba tsakanin haƙarƙarin silinda kafin a tayar, domin sheƙar ɓera ɗaya a wurin ta isa ta hana iska shiga, injin ya ƙone a aikin farko.